Alfasha

Alfasha kalma ce da Hausawa ke kiran duk wani aiki ko magana da ya ƙetare iyakar kunya da mutunci, musamman abin da ya shafi zina da tsiraici. Asalinta Larabci ne, daga al-fahsha', wadda tushenta ke nufin muni da ya wuce kima. Hausa ta aro ta tare da "al" ɗinta, kamar yadda ta aro alƙali da albasa da aljihu, sai harafin "h" na tsakiya ya faɗi a bakin mutane.

Ta hanyar karatun addini ta shigo. A Suratul Isra'i, aya ta 32, an kira zina da alfasha. A Suratul Ankabut, aya ta 45, an ce salla tana hana alfasha da abin ƙi. Aya ta 90 ta Suratun Nahli kuwa, limamai da yawa ke rufe huɗubar Juma'a da ita, don haka ko wanda bai yi nisa a karatu ba yana jin kalmar duk mako. A Kaduna, tafsirin da Sheikh Abubakar Gumi ya riƙa yi a Masallacin Sultan Bello, wanda rediyon Kaduna ke yaɗawa har rasuwarsa a 1992, ya ƙara kafa ta a kunnen jama'a, kuma da ita ya fassara waɗannan ayoyi a tarjamarsa ta Alƙur'ani.

Tana da 'yan'uwa, amma nauyinsu ya bambanta. Batsa ta fi karkata ga baki: zance, waƙa ko hoto da ke fallasa abin da ake sakayawa. Ashar zagi ne, irin wanda ke ambaton iyaye. Badala ta fi zuwa kan shashanci a bainar jama'a. Alfasha ta fi su duka tsanani, domin tana ɗauke da hukuncin zunubi. Idan kwandasta ya yi sakin baki a tashar Kawo, dattijuwa za ta ce masa, "Kai yaro, bar batsa, akwai iyayenka a motar nan." Da wuya ta ce alfasha; wannan kalmar malami ce a kan mumbari, ko uba da ransa ya ɓaci ƙwarai.

Abin damuwa shi ne yadda a Facebook da TikTok ake jefa ta kan kowace shiga ko rawa da wani bai so ba, har ana jingina wa mutum babban laifi ba tare da shaida ba.