Karatu bayan an bar aji: tambayoyin da ake yi a Damagaram

Waɗannan tambayoyi ne da ake yawan ji a fada (majalisar da samari ke shan shayi), a bakin kasuwar Dole, da cikin zaurukan Birni da Zango, duk lokacin da zancen karatu ya taso.

Na bar lakwal tun ina firamare, yanzu kabu-kabu nake yi. Me karatu zai ƙara mini?

Ɗan'uwa, ƙirga takardun da ke bi ta hannunka a wata guda: takardar kuran, ta ruwa, saƙon da ke shigowa salula idan an turo maka kuɗi, takardar magani, yarjejeniyar da ka sa wa hannu da mai babur. Kowace ɗaya kuɗi ce ko lafiya. Takarda ta ce 750, baki ya ce dala ɗari da hamsin. Wanda bai saba raba lambar gida biyar ba, a nan ake cin sa, kuma yana godiya. A kwalin magani akwai wata da shekarar da zai lalace, sau da yawa bayan haruffan EXP. A buhun takin zamani akwai 15-15-15, ma'ana kason sinadarai uku da shuka ke ci, alhali uriya ɗaya kawai take ɗauke da shi, kashi 46 cikin ɗari. Manomin Mirya da ya gane wannan ba zai sayi ɗaya a madadin ɗaya ba. Ga takardar fili kuma, wadda ta raba zumunci ba adadi saboda an dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta ba. Kafin a kai ga manyan littattafai, wannan ne karatun da ke tsare aljihu.

Ni allo na yi, ban shiga boko ba. Ina cikin waɗanda ake kira jahilai ke nan?

Haba Malam! Wanda ya wanke allo, ya riƙe alƙalami da tawada, ya iya rubuta wasiƙa da ajami, ya riga ya ƙetare babban kogin: ya san cewa alama a kan takarda murya ce. Fadar Damagaram ta yi ta aika wasiƙu da larabci tun kafin sojojin Faransa su shigo garin a 1899. Abin da ya rage maka shi ne haruffan boko, kuma ka fara su da Hausa, kada ka fara da faransanci. Rubutun Hausa yana bin furuci kusan sau da ƙafa, don haka ba ka fama da harafi da harshe a lokaci guda. A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar da ke koyar da yara da Hausa, a 1973, kuma kundin sake gina ƙasa da gwamnati ta ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Idan littafin Kano ya faɗo hannunka za ka ga suna rubuta 'y inda muke rubuta ƴ. Bambancin bai taka kara ya karya ba.

To ina littafin? Ga tsada, ga wuyar samu.

Wannan gaskiya ce, babu ɓoye-ɓoye. Ɗakunan karatu ba su da yawa, kuma gobarar da ta ci cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar lokacin zanga-zangar Janairu 2015 ta tafi da littattafan da ɗalibai ke dogara da su. Amma gari bai bushe ƙarƙaf ba. Akwai masu shimfiɗa littattafan addini a ƙofar masallatai, akwai labaran Hausa da ke zuwa daga Kano, akwai tsofaffin littattafan lise da kaye-kaye da ke kwance cikin kwalla a gidaje, gara na sha'ani. Roƙi ɗan maƙwabcinku da ya gama Lise Amadu Kuran Daga ya ara maka na lissafi ko na tarihi. A salula kuma akwai Wikipedia da Hausa. Wanda ya ara ya mayar dai, don rashin mayarwa ne ya kashe aron littafi a garin nan.

Ai dare da rana muna kan WhatsApp da Facebook. Wannan ba karatu ba ne?

Wani ɓangarensa karatu ne, amma mafi yawa saƙon murya ne da bidiyo, ido bai yi aikin komai ba. Kuma abin da aka turo maka wani ne ya zaɓa. Idan rubutu ya zo, ka tambayi kanka wa ya rubuta, yaushe, kuma me zai samu in na yarda. Maganin da aka ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir duka a mako guda ba ya tsallake tambayar farko.

Anya mutum na iya koyo shi kaɗai, ba mushe ba malam?

A nan nake saɓawa da masu cewa ka kulle ɗaki ka koyar da kanka. Wanda ke karatu shi kaɗai yana iya riƙe kuskure shekara da shekaru yana ɗauka daidai ne. Magabata sun san haka, shi ya sa karatun zaure ya kasance ɗalibi ya karanta, malam ya gyara, sauran su saurara. Abin da ake bukata shi ne mutum na biyu, ko da ba shi da takardar shaida.

Kuma muna da wurin a shirye: fada. Ga tabarma, ga gawayi, ga samari goma da za su zauna tun bayan isha'i har dare ya raba. Tsakanin shayin farko da na biyu akwai lokacin da ya isa a karanta shafi biyu da ƙarfi. Ɗaya ya karanta, wanda ya yi jami'a ya warware kalmar da ta cije, makaniki ya ce a'a, a aikace ba haka injin yake ba, tela ya ɗauki bik ya buga lissafin a bayan kwalin suga. Za a yi gardama, za a yi tsiya, wani zai ce a bar wannan a koma zancen ƙwallo. Ba laifi, gobe a ci gaba. Wanda ya karanta a bainar abokai ya yi tuntuɓe aka gyara masa, ba ya sake mantawa da wurin.

Ni matar aure ce, ga yara ga girki. Ina na ga lokaci?

Hajiya, lokacinki a gutsuttsure yake, to a yi karatun a gutsuttsure. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƴan taru don mata irinki: jaji, wato shugabarsu, ta koyo, ta komo ta koyar da matan ƙauyensu da waƙoƙin da ake riƙewa a ka. Yau ga Islamiyya, ga azuzuwan yaƙi da jahilci. Mafi sauƙi ma, idan yaro ya dawo lakwal ki sa shi ya karanta miki abin da aka yi, kina bin layin da yatsa. Shi ya yi bita, ke kin ƙaru. Ranar da kika fara rubuta zubin adashi da hannunki, ko kika duba katin rigakafin jariri kika gane ranar komawa, za ki ga amfaninsa.

Shekaruna sun haura hamsin fa.

Baba, gemu ba ya hana ilimi. A fara gwada ido tukuna. Da yawa masu cewa kansu ya toshe tabarau kawai suke bukata.

Da me zan fara?

Da abin da ke hana ka barci: sana'arka, addininka, ko cutar da ke gidanka. In babu, fara da garinku. Mutum nawa ne ke wuce ragowar ganuwa kullum ba su san aikin Sarki Tanimun ba ne, wanda ya rasu a 1884? Nawa suka san Zinder ce babban birnin Nijar har 1926, kafin a koma Yamai? André Salifou, ɗan garin nan da jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa, ya wallafa tarihin Damagaram a 1971. Da faransanci yake, don haka a nemi wanda zai riƙa karantawa yana mayarwa Hausa, sannan a kai abin da aka ji wurin dattawan Birni a ji inda suka yarda da inda suka musa.