Kalmar slap a Turanci

Slap kalma ce ta Turanci da ke nufin mari, wato bugu da tafin hannu a buɗe ko da wani abu mai faɗi. Tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau. Tun ƙarni na 15 ake samunta a rubuce, kuma masana asalin kalmomi sun fi karkata ga cewa daga ƙarar bugun aka kwaikwayo ta, kamar yadda Bahaushe ke cewa an wanka masa mari tas. Tana da 'yar'uwa, slappe, a Jamusancin arewa.

Mari a Hausa kunci yake nema, amma slap ta wuce nan. Dukan kafaɗar aboki don murna, da buga takarda a kan tebur cikin fushi, da dukan da igiyar ruwa ke yi wa jikin kwalekwale, duk ita ake amfani da ita. Abin dubawa shi ne faɗin abin da ya yi bugun da ƙarar da ta fita. Da zarar an dunƙule hannu sai a ce punch, dukan yaro a ɗuwawu kuwa spank ne.

Wajen rubutu ana ninka harafin ƙarshe, slapped da slapping, domin gajeren wasali ne ya gabace shi. Slapped gaɓa ɗaya ce, ƙarshenta da sautin t ake furta shi. Mai koyo Bahaushe yakan ce "silaf", saboda Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, kuma p da f ɗaya suke a kunnensa.

Slap in the face cin fuska ne ko da ba a taɓa mutum ba, slap on the wrist kuwa hukunci ne na jeka-na-yi-ka, wanda bai kai girman laifin ba. Jaridun Ingila da Amurka na son kalmar a kanun labarai idan an ci kamfani tara, don gajeriya ce ba ta cin wuri. A Turancin Najeriya an fi jin dirty slap, mari mai zafi da wulaƙanci.

Slapstick, barkwancin faɗuwa da doke-doke irin na ɗan wasan fim Charlie Chaplin, daga wata sanda ya samo suna. Katako ne falle biyu da aka haɗa a gindi, wanda 'yan wasan Italiya ke riƙewa tun ƙarni na 16: in an daki mutum sai fallayen su bugi juna, ƙara ta cika dandali, wanda aka daka kuwa bai ji komai ba. Matasan Amurka kuma in sun ce waƙa slaps, yabo ne, nufinsu kiɗan ya ratsa su.