Waiwaye: Yadda Tamil da Telugu suka daɗe suna raba labarin soyayya ɗaya gida biyu

Wanda ya saba da finafinan kudancin Indiya, musamman a wannan zamani da fassarar Hausa ta kawo su har cikin wayoyinmu, ba mamaki ya taɓa cin karo da fim guda iri biyu. Labari ɗaya, amon waƙa ɗaya, sau da yawa jarumar ma ita ce dai, amma jarumin daban. Sai mutum ya zaci wani ne ya kwaikwayi wani. Alhali tare aka ɗauke su, darakta ɗaya, ɗaya da harshen Tamil ɗaya da Telugu, kuma al'adar ta girmi 'yancin kan Indiya.

Tun fim na farko mai magana da aka yi da Tamil, wato Kalidas na 1931 wanda H. M. Reddy ya ba da umarni, harsunan biyu a cakuɗe suke. Jarumar, T. P. Rajalakshmi, tana magana da Tamil, jarumin yana mayar mata da Telugu. Abin bai zama baƙo ba a lokacin, domin Turawan Ingila sun haɗa ƙasar Tamil da babban ɓangare na ƙasar Telugu a lardi guda, hedikwatarsa Madras, birnin da ake kira Chennai a yau. A nan manyan situdiyo suka taru: Gemini, AVM, da Vijaya Vauhini, wanda masu shi, su B. Nagi Reddi, su kansu mutanen Telugu ne.

Lissafin furodusa a fili yake. An riga an kashe kuɗi an gina ɗakin da za a yi wasan, an ɗinka sutura, an biya mai kiɗa, an kunna fitilu. Da an gama fitowa da Telugu, sai a sauya waɗanda za a sauya, a maimaita da Tamil kafin a matsar da kyamara. Kasuwa biyu ke nan da kuɗin da bai kai na fim biyu ba. Labarin soyayya kuwa ya fi kowane iri sauƙin wannan aiki, don iyayen da suka hana aure, da bambancin dangi ko addini, da sadaki, duk abubuwa ne da ɓangarorin biyu suka sani a gidajensu.

A 1953 aka saki Devadasu, labarin saurayin da ya rasa masoyiyarsa ya faɗa shan giya har ta kai shi kushewa, wanda aka ciro daga littafin marubucin Bangali Sarat Chandra Chattopadhyay. Akkineni Nageswara Rao da Savitri suka ja fim ɗin a harsunan biyu. Shekarar tana da nauyi ta wani gefen. A Disamban 1952 Potti Sriramulu ya mutu bayan yajin cin abinci na fiye da kwana 50 yana neman a ba masu Telugu jiharsu, kuma a ranar 1 ga Oktoban 1953 aka kafa jihar Andhra. Madras ta zauna hannun Tamil. 'Yan siyasa sun raba iyaka, amma 'yan fim ɗin Telugu ba su tattara kayansu ba, sun ci gaba da zama a Madras shekaru masu yawa.

Missamma na 1955, aikin L. V. Prasad, shi ya fi nuna tsarin da ya zauna daga baya. Wasu matasa biyu ne masu digiri marasa aikin yi, shi Hindu ita Kirista, suka yi ƙaryar su mata da miji ne don a ɗauke su koyarwa a wata makarantar ƙauye. A Telugu N. T. Rama Rao ne mijin ƙaryar, a Tamil kuma Gemini Ganesan. Savitri ce matar a duka biyun. A ganina nan ne sirrin yake: mace tana tsallaka iyaka lafiya lau, amma namiji kowane ɓangare nasa yake so. Jarumi a kudancin Indiya ya wuce ɗan wasa kawai, yana da ƙungiyoyin magoya baya da ke yi wa hotonsa ado da furanni. Ai jarumin Tamil M. G. Ramachandran ya zama babban minista, wato shugaban gwamnatin jihar Tamil Nadu, a 1977, shi kuma Rama Rao ya hau irin kujerar a Andhra Pradesh a 1983.

Da masana'antar Telugu ta fara komawa Haidarabad, inda Nageswara Rao ya gina situdiyon Annapurna a tsakiyar shekarun 1970, daga baya kuma aka buɗe Ramoji Film City a 1996, ɗaukar fim sau biyu a rana ɗaya ya ragu. Sayen labari a sake yinsa, ko ɗora murya, suka karɓi wurin. A wannan tsakanin ne K. Balachander ya yi Maro Charitra a 1978, da Telugu kaɗai, ya mai da bambancin harshen ya zama shi ne labarin: Kamal Haasan saurayi Batamile, Saritha budurwa 'yar Telugu, ba sa jin yaren juna, iyaye suka gindaya musu sharaɗin shekara guda ba haɗuwa. Ya yi fiye da shekara ana nuna shi a Madras ba tare da an fassara shi ba. Shi aka sake yi da Hindi a 1981 da sunan Ek Duuje Ke Liye, wanda tsofaffin 'yan sinima ba za su rasa tunawa ba.

Al'adar ta sake ɗago kai da 7G Rainbow Colony na Selvaraghavan a 2004, sannan Gautham Menon ya kai ta wani mataki a 2010. Finafinansa Vinnaithaandi Varuvaayaa na Tamil da Ye Maaya Chesave na Telugu labari ɗaya ne, kiɗan A. R. Rahman: Karthik, ɗan addinin Hindu mai burin zama darakta, ya faɗa son Jessie, Kirista 'yar asalin Kerala da ta ɗan girme shi. A Tamil, inda Silambarasan da Trisha suka fito, masoyan rabuwa suka yi, ta auri wani. A Telugu, inda aka sa Samantha da Naga Chaitanya, jikan Nageswara Rao ɗin nan na Devadasu, sai aka haɗa su. 'Yan kasuwar fim sun daɗe da yarda cewa mai kallon Telugu ba ya son barin sinima da baƙin ciki. Ni dai ƙarshen Tamil ya fi kama hankalina, don duk tafiyar labarin rabuwa take nunawa, kuma mutanen da suka rungumi Devadasu ba za a ce ba sa iya jure hawaye ba.

Tun bayan Baahubali na 2015, ɗora murya ya samu mutuncin da ba shi da shi a da. Yanzu furodusa sai ya ɗauki fim sau ɗaya, ya sake shi da harsuna uku zuwa biyar. Sita Ramam na 2022 da Telugu aka yi shi, jarumin Dulquer Salmaan ɗan Kerala, jarumar Mrunal Thakur daga Maharashtra, kuma masu Tamil sun kalle shi da muryar da aka ɗora a ranar da ya fita a Haidarabad.