Ra'ayin Riƙau da Siyasar Kishin Talaka a Amurka

Ra'ayin riƙau da siyasar kishin talaka tafarkai biyu ne na tunanin siyasa da a yau suka haɗu a inuwa guda cikin jam'iyyar Republican ta Amurka, har mutane da yawa suna ɗaukarsu abu ɗaya, alhali asalinsu daban ne, kuma akwai wuraren da suke cin karo da juna.

Ra'ayin riƙau, wanda ake kiran mabiyansa 'yan mazan jiya, ana danganta tushensa ga Edmund Burke, ɗan majalisar dokokin Birtaniya da ya yi rubutu a 1790 yana sukar juyin juya halin Faransa. Hujjarsa ita ce addini da iyali da al'adu da hukumomin da aka gada kaka da kakanni sun ƙunshi hikimar da al'umma ta daɗe tana tarawa, don haka ba a rushe su da garaje. A Amurka ra'ayin ya kai ganiyarsa da nasarar Ronald Reagan a zaɓen 1980, inda ya ginu a kan rage haraji, da janye hannun gwamnati daga kasuwa, da ciniki tsakanin ƙasashe ba tare da shinge ba.

Ita kuwa siyasar kishin talaka daga karkara ta taso. Manoman kudu da yammacin ƙasar, waɗanda bashi ya yi wa katutu, sun kafa jam'iyyarsu don ƙalubalantar bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa, kuma ɗan takararsu James Weaver ya sami ƙuri'a sama da miliyan ɗaya a zaɓen 1892. Masanin siyasa ɗan ƙasar Holan, Cas Mudde, ya bayyana siyasar kishin talaka a 2004 a matsayin tunanin da ke raba al'umma gida biyu: talakawa masu gaskiya a gefe guda, manya da suka lalace a ɗaya gefen. Ba ta da cikakkiyar manufa ta kanta, sai ta jingina da wata aƙida, shi ya sa ake samunta a wajen masu ra'ayin sauyi kamar yadda ake samunta a wajen 'yan mazan jiya.

Haɗuwar tafarkan biyu ba ta faru dare ɗaya ba. Bayan yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Amurka da Kanada da Meziko a 1994 da shigar Sin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, masana'antu da dama sun rufe a jihohi irin su Michigan da Ohio da Pennsylvania, ma'aikata suka rasa abin yi. Sai ga rikicin kuɗi na 2008, gwamnati ta ceto manyan bankuna yayin da miliyoyin iyalai ke rasa gidajensu. Wannan ɓacin rai, wanda bai kamata a raina shi ba, shi ya haifi gangamin Tea Party na masu adawa da yawan haraji da kashe kuɗin gwamnati a 2009, shi ne kuma ya share fagen nasarar Donald Trump a 2016 da kuma 2024. Mabiya wannan tafiya suna neman tsaurara tsaron iyaka da Meziko, da rage kwararar baƙi, da kare 'yancin mallakar bindiga, sannan suna zargin manyan kafofin yaɗa labarai da jami'o'i da ma'aikatan gwamnatin tarayya da raina talaka. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 2022, da ya mayar da batun zubar da ciki hannun jihohi, buri ne da 'yan mazan jiya masu kishin addini suka yi shekaru kusan 50 suna nema.

Sai dai saɓanin cikin gida bai kau ba. Tsofaffin 'yan mazan jiya suna ganin harajin fito mai yawa a kan kayan waje ya saɓa wa abin da Reagan ya tsaya a kai, kuma an rabu kan tallafa wa Yukren. Mafi zurfin saɓanin shi ne kan hukumomi: mai ra'ayin riƙau na asali yana kare kotu da majalisa ko da hukuncinsu bai yi masa daɗi ba, mai kishin talaka kuwa yana iya ganinsu a matsayin shinge tsakanin jama'a da abin da suka zaɓa. Wannan ya fito fili bayan kutsen da magoya bayan Trump suka yi wa ginin majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, lokacin da Liz Cheney, 'yar majalisar wakilai ta jam'iyyar Republican a lokacin, wadda ta fito daga gidan 'yan mazan jiya, ta juya wa Trump baya, ta kuma sha kaye a zaɓen fid da gwani na jihar Wyoming a 2022.