Jaraba Ta Zo Maka, Ba Shi Ne Ka Yi Zunubi Ba

'Yan'uwa, mun daɗe muna ɗauka wai da zarar mugun tunani ya faɗo maka a rai shikenan ka faɗi, har wani ya daina zuwa coci don kunya. Ba haka ba ne fa. Yesu da kansa sai da Shaiɗan ya gwada shi a jeji bayan azumin kwana 40, duba Matiyu 4, kuma Ibraniyawa 4:15 ta ce an gwada shi ta kowace hanya amma bai yi zunubi ba. A Yakubu 1:15 sai sha'awa ta ɗau ciki tukuna take haifar zunubi, wato lokacin da ka ba ta tabarma ta zauna, kana juya ta a zuci kana jin daɗinta.