Yatsan da ka dangwala: me dokar kare bayanai ta 2023 ta ce a kansa?

Zauna ka ƙirga wuraren da ka dangwala yatsa a 'yan shekarun nan. Banki ya karɓa lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014. Hukumar NIMC ta karɓa, har da hoton fuska, kafin ta ba ka lambar NIN mai alƙaluma 11. INEC ta karɓa, masu ba da fasfo da masu ba da lasin tuƙi ma haka. A watan Disamba na 2020 kuma aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da NIN, wanda ya ƙi a toshe masa layi, aka kuwa toshe. Duk wannan tarin bayanai an fara shi ne babu wata cikakkiyar doka ta majalisa da ta ce ga iyakar abin da za a yi da su. Abin da ake da shi sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, mai kare sirrin mutum, sai wata ƙa'ida da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwar zamani, ta fitar a 2019.

A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC don sa ido. Mutane da dama suna zaton dokar ta ba su ikon ƙin dangwala yatsa. Ba haka ba ne. Yardarka ɗaya ce kawai cikin dalilan da suka halatta a karɓi bayananka. Idan wata doka ta wajabta, ko aikin hukuma ne na amfanin jama'a, za a karɓa ko ka so ko ka ƙi. Ƙarfin dokar yana kan abin da zai biyo baya: wa ya riƙe bayanan, me ya yi da su, wa ya ba.

Ta ware wasu bayanai ta ce masu tsananin sirri ne: zanen yatsa da fuska, ƙabila, addini, lafiyar jiki, ra'ayin siyasa, da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago. Waɗannan ba a taɓa su sai da dalili mai ƙarfi. Wanda ya karɓi bayanai kuma, gwamnati ce ko kamfani, dole ya faɗi abin da zai yi da su, kada ya karɓi fiye da buƙata, kada ya ajiye su har abada, kada ya juya su zuwa wani aikin da bai dace da wanda ya faɗa ba. Shirunka ba yarda ba ne, in ji dokar. Yaron da bai kai shekara 18 ba, sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa.

Kai kuma kana da ikon tambayar banki ko kamfanin waya ko wata hukuma su nuna maka abin da suka ajiye a kanka, su gyara kuskure, su goge abin da ba su da sauran hujjar riƙewa. Kana iya janye yardar da ka bayar. Kana iya cewa a daina damunka da saƙonnin talla. Manhajojin bashin nan da ke kwashe lambobin wayar mutum su riƙa aika wa surukansa saƙon cewa ɓarawo ne, ai su ya kamata su fi kowa jin tsoron wannan doka.

Idan aka yi kutse bayanai suka fita, kuma akwai haɗari ga masu su, wajibi ne a sanar da NDPC cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ƙanana kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. A 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, kodayake bankin ya musanta laifin.

Inda gizo ke saƙa shi ne ɓangaren gwamnati. Dokar ta sassauta wa hukumomi da yawa daga cikin waɗannan sharuɗɗa idan maganar tsaron ƙasa ce, ko binciken laifi, ko annoba. Akwai hikima a ciki, babu mai son ɗan sanda ya nemi izinin mai garkuwa da mutane kafin ya bi layinsa. Amma “tsaron ƙasa” riga ce mai faɗi, kowa na iya shiga. Sannan a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta bayyana cewa wasu shafukan intanet suna sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100 kacal. NIMC ta ce ba a fasa rumbunta ba. To ko ta ina suka zuba, sun dai zuba, kuma lambar sirrin katin banki ana canja ta, zanen yatsa ba a canja shi.

Wata ƙofar kuma mu da kanmu muke buɗe ta. Takardar NIN da aka bari a shagon hoton takardu, da wanda ya zo unguwa da littafi yana rubuta NIN da BVN wai za a raba tallafi, babu mai tambayarsa daga wace hukuma yake. Dokar ta ba ka damar yin wannan tambayar. Idan ka ga an yi amfani da bayananka ba bisa ƙa'ida ba, kana iya kai ƙorafi NDPC a rubuce, kana kuma iya zuwa kotu neman diyya.