Ƴar robar ƙwayar gulukos ta masu ciwon suga: amsar tambayoyinku

Tun da na nuna ƴar robar nan da nake haɗawa a majalisarmu ta Aboabo a Kumasi tambaya ta yi yawa, to bari in amsa gaba ɗaya.

Mai ciwon suga kuma me zai yi da abin zaƙi?

Ai suga ba hawa kaɗai yake ba, yana faɗuwa ma, musamman ga mai allurar insulin ko mai shan maganin suga na glibenclamide in ya sha magani bai ci abinci ba. In na'urar gwajin suga ta nuna ƙasa da 3.9 (wasu na'urorin 70 suke rubutawa) to ya faɗi ke nan, sai rawar jiki da gumi da jiri. Hajiyata ya taɓa kama ta a trotro (motar haya) hanyar kasuwar Kejetia, ƙwayar na cikin jakarta amma hannu na ɓari ta kasa murɗe murfin, sai wata baiwar Allah da ke gefenta ce ta buɗe mata. Wallahi tun ranar abin bai bar raina ba.

Guda nawa robar za ta ɗauka?

Yawanci ƙwaya ɗaya giram 4 ce, abin da ake so kuwa wajen giram 15, wato guda 4, a jira minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a ƙara. Shi ya sa na yi ta mai cin 8, ta isa sha sau biyu.

Me ya bambanta ta da robar kamfani?

Babu murɗawa. Da babban yatsa za ka tura ƙwaya ta fito ɗai-ɗai, hannu guda ya isa ko da yana rawa, kuma gefe ɗaya garau yake ana hango nawa suka rage. Na sa mata zobe a maƙala a makulli ko igiyar jaka, don wadda ta nutse ƙasan jaka ƙarƙashin mayafi da carbi da canji ba ta da amfani. Sai danshi, kun dai san daminar Kumasi, gulukos na jan ruwa ya yi laushi ya manne, ga kiyashi, dole bakin ya samu roba mai toshewa ruf.

In mutum ya suma fa?

Don Allah kar a tura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti maza.

An gama ta ke nan?

Da saura. Jikokin Hajiya sun ɗauka alawa ce, in na ƙara wa murfin tauri don su ita ma ba za ta iya buɗewa ba. Ranar Asabar zan kai wa wani oga a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, mu duba ko ɗan ƙaramin sakata a gefe zai yi.